Maƙiyin Da Ke Kwana Cikin Katifa

Da zarar an ambaci ƙura da ciwon ƙirji a ƙasar Hausa, hunturu ne ke fara faɗo wa kowa a rai. Shi ne lokacin da hazo ke turnuƙe sararin samaniya har ya hana jirage sauka a Kano da Maiduguri, leɓɓa su tsattsage, asibitoci su cika da masu tari da mura. Saboda haka idan yaro ya kwana yana haki, ƙirjinsa na kuka kamar ana busa sarewa, uwa takan ɗora laifin a kan sanyi, ta ƙara masa bargo, ta rufe taga, ta turara ɗaki. Amma akwai abin da iyayen masu cutar asma da dama suka lura da shi ba tare da sun sami mai yi musu bayani ba: ciwon 'ya'yansu yakan tsananta a tsakiyar damina, lokacin da ƙasa ta jiƙe sharkaf, babu ƙurar da ke tashi a waje, kuma yakan taso ne cikin dare ko da asuba, a kan gadon da aka kwantar da yaron domin ya huta.

Wannan lura ta daɗe a hannun masana. A shekarar 1975, wasu likitoci da suka yi aiki a asibitin Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, cikinsu har da Dakta David Warrell, sun wallafa sakamakon binciken da suka yi a kan masu asma 106. Kusan rabinsu sun ce ciwon ya fi matsa musu da damina. Da aka tattaro ƙurar katifu aka duba ta da madubin likita, sai aka iske a cikinta wasu 'yan mitsi-mitsin ƙwari waɗanda ido ba ya iya gani. Wani abin lura a rahoton shi ne, a wancan zamani asma ba ta cika kama yara a yankin ba, mafi yawan majinyatan sai da suka girma ta same su. Bayan shekara 50, duk malamin firamare a manyan biranenmu ya saba ganin yaro da maganin shaƙa a cikin jakarsa.

Ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna cewa a shekarar 2019 mutum miliyan 262 ne ke fama da asma a duniya, kuma ta yi sanadin mutuwar mutum 455,000 a wannan shekara kaɗai, mafi yawansu a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi irin namu. Wani bincike da likitocin Nijeriya suka wallafa a shekarar ya ƙiyasta cewa 'yan ƙasar nan kimanin miliyan 13 ne ke ɗauke da ita. Abubuwan da ke tayar da wannan cuta suna da yawa, akwai hayaƙin girki, da na janareta, da kyankyasai, da mura, da ita kanta ƙurar hunturu. Sai dai a cikin abubuwan da ke zaune tare da mu a ɗaki, da wuya a sami wanda masana suka fi kamawa da laifi kamar wannan ƙwaro na cikin shimfiɗa.

Wane ne wannan ƙwaro?

Bahaushe ya san kuɗin cizo, ya san ƙuma da ƙwarƙwata, ya kuma ba kowannensu suna domin yana ganinsu, suna kuma cizonsa. Wannan kuwa bai sami suna ba domin ba a taɓa ganinsa ba, don haka bari mu kira shi ƙwaron ƙura. Tsawonsa bai wuce kashi ɗaya bisa uku na milimita ba. Ƙafafunsa takwas ne, abin da ya sa masana suka sanya shi a dangin gizo-gizo da kaska da ƙwaron da ke haddasa ƙazuwa. Ba shi da idanu, ba ya tashi sama, ba ya cizo, ba ya shan jini, ba ya kuma zama a jikin mutum. Sunan da masana kimiyya suka laƙaba wa zuriyarsa, Dermatophagoides, ma'anarsa mai cin fata, domin abincinsa shi ne ɓurɓushin matacciyar fatar da ke kakkaɓowa daga jikin kowane ɗan Adam dare da rana. Tunda mutum yakan shafe kusan sulusin rayuwarsa a kwance, babu rumbun da ya kai katifa da matashin kai da bargo tara wannan abinci.

Yakan ɗauki kimanin wata ɗaya daga ƙwai zuwa balaga, ya rayu wata biyu zuwa uku, macen kuma takan saka ƙwai masu yawan gaske kafin ta mutu. Da wannan lissafi mai karatu zai iya kintatar abin da ke cikin katifar da ta shekara goma ba ta ga rana ba.

Likitoci sun daɗe da sanin cewa ƙurar cikin gida tana tayar wa wasu mutane da ciwo, amma sun kasa gane mene ne a cikinta ke yin wannan ɓarna. Sai a shekarar 1964 wani likita ɗan ƙasar Holan, Reindert Voorhorst, tare da abokan aikinsa a birnin Leiden, suka nuna cewa ƙwaron ƙura ne. A shekarar 1980 Martin Chapman da Thomas Platts-Mills suka tace ainihin sinadarin da ke jawo matsalar a Ingila, a shekarar 1981 kuma su biyun tare da Euan Tovey suka tabbatar da inda ya fi taruwa, wato a cikin kashin ƙwaron. Kowane ƙwaro yakan yi ɗan dunƙulen kashi kusan 20 a rana, kowanne bai kai kaurin silin gashi ba, yana kuma ɗauke da ragowar sinadarin da ƙwaron ke narkar da abinci da shi. Idan mutum ya shaƙe shi, sinadarin yakan ci gaba da aikinsa a kan lallausar fatar da ta lulluɓe hanci da hanyoyin numfashi, ya sassauta haɗin da ke tsakanin ƙwayoyinta, ya kutsa ciki.

Ga yawancin mutane abin yakan wuce salin-alin. Amma ga wanda ya gaji abin da likitoci ke kira alaji, wato garkuwar jiki ta riƙa yin bore a kan abin da bai dami sauran jama'a ba, sai jiki ya ɗauki wannan baƙo a matsayin abokin gaba. Daga nan sai atishawa a jere da sassafe, da toshewar hanci, da ƙaiƙayin ido da na fata, da murar da ba ta jin magani. Idan abin ya sauka ƙirji, hanyoyin iska su kumbura, su ƙuntata, majina ta cika su, numfashi ya sarƙe. A shekarar 1990 wani bincike da aka bi diddigin yara da shi a garin Poole na Ingila tun suna jarirai har suka kai shekara 11 ya gano cewa waɗanda suka tashi a gidajen da wannan sinadari ya yi yawa sun fi sauran kamuwa da asma.

Akwai wata siffa ta wannan kashi da ya kamata a riƙe, domin a kanta aka gina duk wata dabarar kariya. Yana da ɗan nauyi, ba ya daɗewa yana yawo a iska. Idan aka kaɗa shi ya tashi, cikin minti 20 zuwa 30 ya koma ya kwanta. Ke nan wuri biyu mutum ya fi shaƙarsa: lokacin da hancinsa ke manne da matashin kai yana juyi cikin barci, da kuma lokacin da ake shara ko kakkaɓar shimfiɗa.

Lagonsa yana wajen laima

Duk da ƙanƙantarsa da yawansa, ƙwaron ƙura yana da lago babba. Ba ya shan ruwa. Daga laimar da ke cikin iska yake tsotso abin da zai rayu da shi. Idan laimar ta kai kashi 70 zuwa 80 cikin ɗari, ga kuma ɗumi matsakaici, sai ya yi ta hayayyafa. Idan ta sauka ƙasa da kashi 50 ta daɗe a haka, sai ya bushe ya mutu. Wannan ne ya sa tun da daɗewa Turawa ke kai masu asma jinya garuruwan kan duwatsu irin su Dabos a ƙasar Suwizalan, suna samun sauƙi ba tare da an san cikakken dalili ba, sai daga baya aka gane cewa busasshiyar iskar can ba ta barin ƙwaron ya yi tasiri. A Amurka kuma, wani bincike da Larry Arlian ya wallafa a shekarar 2001 ya nuna cewa gidajen da aka riƙe laimarsu a wajen kashi 50 ko ƙasa da haka na tsawon wata 17, ƙwarin da ke cikinsu sun kusa ƙarewa ƙurmus.

Da wannan bayani, abin da aka gani a Zariya ya daina zama abin mamaki. A hunturu laimar iskar Kano ko Sakkwato ko Damagaram takan faɗi ƙasa da kashi 20 cikin ɗari da rana, a watan Agusta kuwa takan haura kashi 70. Damina ce kakar ƙwaron ƙura a wajenmu. A kudancin ƙasar nan kuwa, daga Legas zuwa Fatakwal, kusan duk shekara kakarsa ce.

Mai karatu zai iya tambaya, to me ya hana hunturu ya share mana shi baki ɗaya? Dalili na farko, mai barci da kansa yake shayar da shi, domin gumi da numfashin dare guda sun isa su sanya laima a cikin katifa ko da iskar ɗakin a bushe take. Na biyu, ƙananan ƙwarin da ba su balaga ba suna iya lafewa, su daina motsi da ci na tsawon watanni har ruwa ya sauka, musamman nau'in da ake kira farinae, wanda ya fi 'yan uwansa jure fari, kuma shi ne aka fi samu a katifun Zariya. Na uku, mutuwar ƙwaron ba ta kawar da kashinsa da gawarsa, suna nan cikin soso da auduga wata da watanni da dafinsu.

Yadda muka gyara masa masauki

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Duk wanda ya haura shekara 50 zai iya tuna yadda ɗakin kwana yake a da: daɓen ƙasa ko siminti, tabarmar kaba, gadon kara ko na ƙarfe, 'yar katifar auduga ko ta rimi, sai gwado ko luru na rufa. Waɗannan kaya ba su kuɓuta daga ƙwaron ba, amma suna da wata falala guda, ba su da nauyi. Da hantsi ya dubi ludayi za ka ga tabarmi da zannuwa a kan danga da katanga da igiya, musamman shimfiɗar yara masu fitsarin kwance. Lokaci-lokaci a fitar da katifa tsakar gida a jibge ta da sanda, a kwarara wa gadon ƙarfe tafasasshen ruwa saboda kuɗin cizo, ko a kai katifar wa mai ɗinki ya farke ta, ya shanya audugar, ya sake mata riga. Iyayenmu ba su san da ƙwaron ƙura ba, amma abin da suke yi shi ne daidai maganinsa.

Dubi ɗakin ma'aikaci ko ɗan kasuwa mai rufin asiri a yau. Katifar soso mai kaurin taƙi biyu wadda sai ƙarti biyu sun kama kafin ta motsa, a cikin gadon katako mai allon kai da aka lulluɓe da yadi. Kafet daga bango zuwa bango, an manne shi da gam. Labule mai hawa biyu ko uku wanda ba a sauke shi sai za a yi biki. Kujerun kushin, da tarin ƙananan matasai na ado, da manyan barguna masu gashi, da 'yan tsana a gadon yara. Tagogi a rufe saboda sauro da ɓarayi da hayaƙin janaretan maƙwabta. Banɗaki a cikin ɗaki yana fitar da tururi safe da yamma. Ga kuma gidan bene ko na haya wanda babu tsakar gidan da za a yi shanya. Kayan ɗakin da ake kashe dukiya a jera wa amarya, da yawansu masauki ne na alfarma ga wannan baƙo.

Akwai misali mai ban mamaki daga tsaunukan ƙasar Papua New Guinea. A cikin wata ƙabila mai suna Fore, asma ta kasance abin da kusan ba a sani ba. Cikin 'yan shekaru sai ta bazu har ta kama kimanin kashi 7 cikin ɗari na manya a wasu ƙauyuka. Masu binciken da suka wallafa rahotonsu a shekarar 1985 sun danganta abin da shigowar barguna, waɗanda mutanen suka rungumi ɗabi'ar lulluɓa da su har ka idan za su kwanta, aka kuma iske su maƙil da ƙwarin. Nan kusa da mu, a Kumasi ta ƙasar Gana, an auna 'yan makaranta a shekarar 1993 aka sake auna wasu a shekarar 2003, sai aka ga yawan masu alaji ya kusa ninkawa cikin shekara goma, kuma abin ya fi yawa a tsakanin 'ya'yan masu hali na cikin birni. Ba ƙwaron ƙura kaɗai ne ya kawo wannan sauyi ba, amma yana cikin manyan waɗanda ake tuhuma.

A nan ya kamata a kawar da wata fahimta da kan sa mata jin kunya. Samun ƙwaron ƙura a gida ba shaidar ƙazanta ba ce. Yana nan a fadar sarki, yana nan a otal mai tsada. Ɗaki yana iya ƙyalli yana ƙamshi alhali katifarsa cike take da shi, domin irin tsaftar da ke burge ido daban take da wadda ke kashe shi.

Abin da ke aiki

Aikin kashi biyu ne, kuma kowanne da makaminsa. Akwai kashe ƙwaron, wannan aikin zafi ne da bushewa. Akwai kuma kawar da dafin da ya bari, wannan aikin ruwa ne.

Mu fara da wanki. Wani bincike da aka yi a Ostireliya a shekarar 1992 ya nuna cewa ruwan da zafinsa ya kai digiri 55 a ma'aunin Salshiyas yana kashe ƙwarin gaba ɗaya, shi ya sa likitoci ke ba da shawarar digiri 60. Ruwan sanyi kuwa ba ya kashe mafi yawansu, amma yana wanke fiye da kashi 90 cikin ɗari na dafin, domin sinadarin mai narkewa ne a ruwa. Saboda haka ko da babu halin dafa ruwa, wanke zanin gado da rigar matashi sau ɗaya a mako riba ce babba. Wanda ba shi da injin wanki ba ya bukatar ma'aunin zafi: idan aka haɗa bokiti ɗaya na tafasasshen ruwa da bokiti ɗaya na ruwan famfo, zafin zai tsaya wajen digiri 60 ko sama kaɗan. A tsoma kayan, a danna su da sanda, a bar su kamar rubu'in awa kafin a sa hannu, a kuma nisanta yara daga wurin. Bargo da gidan sauro da labule su ma a riƙa wanke su a kai a kai, bargon gwanjo kuwa kada ya hau gado sai ya sha ruwan zafi. Guga da dutse mai zafi tana ƙarasa abin da wanki ya rage.

Sai rana, wadda Bature ke sayen na'urar busar da kaya domin ya sami kwatankwacinta, mu kuwa muke da ita kyauta. A shekarar 1994 masu bincike a birnin Sidni sun shimfiɗa dardumai a rana, cikin 'yan sa'o'i babu ƙwaro ko ɗaya da ya rage da rai. Ranar Sidni kuwa ba ta kama ƙafar ta Azare ko Nguru a watan Afrilu ba. Amma a lura da abu biyu. Rana ta fi tasiri a kan abu marar kauri, domin a katifa mai kauri ƙwarin kan nutsa ciki su fake, don haka sai an daɗe ana shanyawa ana juyawa. Sannan rana ba ta ɗauke dafin, sai an bi da bugu da kakkaɓa a waje, ko wanki idan abin mai wankuwa ne. Lokacin da ya fi dacewa a yi wa katifu da matasai da dardumai gagarumar shanya shi ne bazara, daga Maris zuwa farkon Mayu, domin a karya lagon ƙwarin kafin ruwa ya sauka. Da damina kuwa, duk ranar da gari ya buɗe a fitar da abin da ya samu tun daga hantsi, a kwashe kafin la'asar, kada raɓar yamma ta mayar da aiki baya.

Abu na uku shi ne yi wa katifa da matashi riga wadda ƙwaron da kashinsa ba za su iya ratsawa ba. Akwai waɗanda ake yi musamman domin haka, da yadi mai matsattsiyar saƙa da zif, suna rufe katifa ta ko'ina. Inda ba a same su ba, irin ledar da ake lulluɓe katifun asibiti da ita tana yin aikin, a shimfiɗa zani mai kauri a kai saboda zafi, a riƙa goge ta da jiƙaƙƙen tsumma. Sai dai kada a kusanci shimfiɗar jariri da siririyar leda, domin tana iya toshe masa numfashi. Matsewar saƙa tana da muhimmanci fiye da yadda ake zato: a shekarar 1996 an gano a ƙasar New Zealand cewa matasan kai na zaren roba sun fi na gashin tsuntsu tara dafin nesa ba kusa ba, ana kuma ganin dalili shi ne na gashin tsuntsu akan ɗinka su da yadi mai matsewa domin kada gashin ya fito.

Sai shara. Tsintsiya a kan kafet ba ta fitar da abin da ke can ƙasa, illa ta tayar da na sama ta watsa shi a iska. Haka ma bugun kujeru da tsumma a cikin rufaffen ɗaki. A ɗakin mai asma, abin da ya fi shi ne a cire kafet ɗungurungum, a bar tayil ko siminti ko ledar ɗaki, a riƙa gogewa da jiƙaƙƙen tsumma. Injin zuƙe ƙura yana rage dafi idan matatarsa mai kyau ce, amma ba ya iya ciro rayayyun ƙwarin, domin suna maƙale wa zare da ƙafafunsu. Mai ciwon kada ya zama shi ne mai shara. Idan ya zama dole, ya sa takunkumi, idan kuma wani ne ya yi, ya jira rabin awa kafin ya koma ɗakin.

Akwai kuma ƙananan ɗabi'u masu amfani. Da safe a yaye bargo da zani, a buɗe taga, a bar katifa ta sha iska kafin a gyara gado. Kada a shanya jiƙaƙƙen wanki a ɗakin kwana da damina. A rufe ƙofar banɗaki, a gyara rufin da ke yoyo da bangon da ke tsatsafo da ruwa. Na'urar sanyaya ɗaki tana rage laima idan ana samun wutar da za ta yi aiki kuma ana wanke matatarta. 'Yan tsanan yara a wanke su da ruwan zafi, ko a ƙulle su a leda a sa a firiza kwana ɗaya sannan a wanke.

Abin da ba ya aiki, da iyakar abin da ke aiki

Da an ce ƙwaro, hannun mutanenmu kan tafi ga fiya-fiya. Wannan barin jaki ne a bugi taiki. Feshi ba ya kai wa ga ƙwarin da ke can cikin soso, ba ya kuma taɓa dafin da suka bari, sai dai ya bar guba a inda yaro zai sa fuskarsa, warinsa kuma ya tayar da ciwon da ake gudu. Haka turaren wuta da maganin sauro na kunnawa: ƙamshi ba ya kashe ƙwaron ƙura, hayaƙi kuwa makashin mai asma ne.

Wajibi ne kuma a faɗi gaskiya game da iyakar tsaftar kanta, domin masana sun yi saɓani a kai. A shekarar 2003 an gwada rigar katifa ita kaɗai a kan manya masu asma fiye da 1,000 a Birtaniya, ba a ga wani bambanci ba. A shekarar 2008 cibiyar Cochrane ta tattara gwaje-gwaje 54 da aka yi kan hanyoyin yaƙi da ƙwaron, ta ce ba ta ga hujjar cewa suna rage asma ba. Amma a ɗaya ɓangaren, wani gwaji da aka wallafa a shekarar 2004 a kan yara 937 a unguwannin talakawa na biranen Amurka, inda aka haɗa matakai da yawa lokaci guda gwargwadon abin da ke damun kowane yaro, ya rage musu kwanakin ciwo. A shekarar 2017 kuma, a yankin Manchester na Ingila, an ɗauki yaran da gwaji ya tabbatar ƙwaron na tayar musu da ciwo, aka sa wa shimfiɗar wasu rigar kariya, wasu kuma rigar da ba ta kariya. Cikin shekara guda, kimanin kashi 29 cikin ɗari na rukunin farko ne ciwo ya kai su sashen gaggawa na asibiti, a rukuni na biyu kuwa sama da kashi 41.

Darasin da ke cikin waɗannan sakamako a fili yake. Mataki ɗaya tilo ba ya wadatarwa, yara sun fi manya cin moriya, kuma wanda ƙwaron ke damu ne kaɗai zai ga canji. Saboda haka kafin magidanci ya yaye kafet ɗin gidansa kaf, ya dace ya nemi likita ya tambaya game da gwajin fata ko na jini da ke nuna abin da jikin ɗansa ke yi wa bore. Ya kuma sani cewa wanki da shanya ba su maye gurbin magani. Tun shekarar 2019 ƙungiyar GINA, mai tsara ƙa'idojin kula da asma a duniya, ta daina amincewa da dogaro ga maganin shaƙa mai buɗe ƙirji shi kaɗai ga manya da matasa, ta ce sai an haɗa da mai kwantar da kumburin hanyoyin numfashi. Jita-jitar da ke yawo cewa wanda ya fara shaƙa ya kamu ke nan har abada ta sa iyaye da yawa suna ɓoye wa 'ya'yansu magani, alhali rashinsa ne ke kisa.

Aikin na wane ne?

A gidajenmu an saba barin duk abin da ya shafi shimfiɗa a wuyan mata da 'yan aiki. Amma mace ita kaɗai ba za ta fitar da katifar da ta fi ta nauyi ba, ba kuma ita ke yanke shawarar irin daɓen da za a yi ko girman tagar da za a fasa ba. Maigida mai ɗa mai asma, da kuɗin da yake kashewa a dare ɗaya a asibiti zai iya sayen rigar katifa da gawayin dafa ruwan wanki na watanni. Iyayen da ke haɗa wa 'yarsu kayan ɗaki, idan sun san tana da wannan lalura, gata ne su rage labule da kafet ko da dangin miji za su yi gunaguni. Masu zanen gidaje da magina su tuna cewa taga biyu masu fuskantar juna da ɗan filin shanya suna cikin abin da ke sa gida ya zama lafiyayye.

Shugabannin makarantun kwana suna da nasu kason, domin a can ne yara da dama ke kwana a ɗaki ɗaya kan katifun da suka ratsa hannaye, kuma zangon karatu na uku yakan faɗo cikin damina. Ware safiyar Asabar domin fitar da katifu rana ba ya bukatar kasafin kuɗi. Teloli da kamfanonin katifa na Kano da Kaduna za su iya ɗinka rigunan kariya masu sauƙin farashi maimakon a jira na ƙasashen waje. Ma'aikatan lafiya kuma, idan an kawo musu yaro yana haki, bayan allura da magani su ƙara da tambayar a kan me yake kwana, yaushe rabon shimfiɗarsa da rana.

Ranar Talatar farko ta watan Mayu ce ake bikin Ranar Asma ta Duniya kowace shekara, bikin da aka fara shi a shekarar 1998. A wajenmu ta faɗo a kan gaɓa, domin lokacin ne rana ke kan ganiyarta, hadari kuma ya fara haɗuwa a gabas. Maimakon a tsaya ga jawabai a ɗakunan taro, zai fi amfani a mayar da makon ya zama na fitar da katifa, da wanke bargo, da sauke labule a kowane gida da kowace makaranta, kafin ruwan farko ya sauka.